Shagon dattijon nan mai tsoffin sulallan Girka a Landan: akwai tsada, akwai jan rai, amma na sake komawa

Fam 140 na fara zubarwa a banza kafin ƙafata ta san hanyar shagon nan, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ku sani wanda maciji ya taɓa sara ne yake magana. Wani dare ne bayan na dawo daga aiki, barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da wani mai sayarwa a intanet ya saka hoton sulen azurfa na sarki Lisimakus, kan Iskandar da ƙahon rago a gefe guda, kyau kamar ka sace ka gudu, wai gadon kakansa ne yana neman kuɗi da gaggawa. Ni kuma da shegen son banza ban yi shawara da kowa ba na tura kuɗi. Abu ya iso cikin ambulan, na ɗauke shi wata biyu ina nuna wa duk baƙon da ya shigo gidana a Birmingham, har da ce musu su wanke hannu kafin su taɓa.

Ranar da na je Landan sabunta fasfo sai na ce bari in biya wani ƙaramin shagon tsoffin kuɗi da wani abokin aikina Bature ya taɓa yi min kwatance, in ji nawa dukiyata ta kai yanzu. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafin da zan yi a gaba. Hawa na biyu yake a wani tsohon gini, sai ka danna ƙararrawa an leƙo ka ta kyamara sannan a buɗe, ɗaki ɗaya ne tal, kabad-kabad na katako masu siraran aljihu sun zagaye bango, littattafai jibge har ƙasa, ga warin tsohuwar takarda. Mutum biyu ne a ciki, dattijon mai shagon wanda a ƙiyasina ya haura saba'in, da wani matashi mai taimaka masa da kwamfuta da ɗaukar hoto.

Na miƙa wa dattijon sulena ina wani ɗaga kafaɗa. Wallahi bai yi minti ɗaya da shi a hannu ba. Ya ɗora a ƙaramin sikeli ya juyo min shi in gani da idona, giram 14.6, ya ce irin wannan ya kamata ya yi kusa da 17. Sannan ya ba ni gilashin nan na masu gyaran agogo ya ce duba gefensa, sai ga wani siririn layi ya zagaye sulen kamar ɗinkin riga, wato narkakken ƙarfe aka zuba a mazubi biyu aka haɗe, alhali na gaske da guduma ake buga su tsakanin hatimi biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Ya nuna min ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a kumatun Iskandar, kumfar iska ce lokacin zubi, ya nuna yadda haruffan suka yi laushi kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Bai yi min dariya ba, wannan shi ya fara saye ni. Cewa kawai ya yi kusan duk wanda ya daɗe a harkar nan yana da irinsa ɗaya a aljihun tebur, in ajiye shi kar in jefar, kuɗin makaranta ne na biya. Ko kwabo bai karɓa ba na dubawar. Ni dai na sauko daga benen nan jikina a sanyaye, a jirgin ƙasa har Birmingham ban ci sanwicin da na saya ba.

Bayan sati uku na koma, wannan karon da niyyar saye.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su san abin da nake haukan a kai ba. Iskandar sarkin Makidoniya ya mutu a Babila a shekara ta 323 kafin Miladiyya yana ɗan shekara 32, ya bar daula daga Girka har bakin Indiya ba tare da magajin da ya isa riƙe ta ba, sai manyan kwamandojinsa suka yi ta yaƙar juna kusan shekara arba'in suna yagar rabonsu. Tolemi ya kama Masar, Selukas ya kama Babila da gabas daga baya ya haɗa da Siriya ya gina Antakiya, Lisimakus ya riƙe Tirakiya da yammacin ƙasar da ake kira Turkiyya yau, gidan Antigonas kuma daga ƙarshe suka zauna a Makidoniya. Kowannensu sojojin haya yake ɗauka, sojan haya kuwa ba ya jin alkawari sai azurfa a tafin hannu, shi ya sa suka buga kuɗi kamar ba gobe, shi ya sa kuma talaka irina zai iya mallakar ɗaya yau. Ƙaramin sulen sunansa dirakma, giram 4.3 ko kusa da haka, kuma kusan ladan yini guda ne na soja ko gwanin ma'aikaci. Babban, mai dirakma huɗu, tetiradirakma, giram 17.2 ne in bai goge ba. Kalmar dirakma ɗin nan ita ce ta bi ta bakin Farisawa da Larabawa ta zama dirhami, wanda muke karantawa a Suratu Yusuf inda aka sayar da shi da 'yan dirhamomi ƙidayayyu, kuma muke ji a babin zakka da sadaki. Ranar da na gane haka sai na ji abin ya matso kusa da ni.

To da na koma dattijon ba ya nan, ya je wani gwanjo, matashin ne kaɗai. Yaron kirki ne ba laifi, ya ba ni kujera, ya jawo min faranti uku masu shimfiɗar karan-miski, kowane sule a ɗan gurbinsa da 'yar takarda zagayayya a ƙarƙashi an rubuta bayaninsa da hannu. Abu na farko da zan yaba ke nan, suna bari ka ɗauka ka juya ka ji nauyinsa, ba wanda zai tsaya maka a ka yana huci. Kuma duk wanda bai taɓa riƙe tetiradirakma ba ba zai gane ba, hoto ba ya nuna kaurinsa, abu ne dunƙulalle mai sanyi, kan da ke jiki ya taso sosai har kana jin tudun kumatu da ɗan yatsa, ba irin shafaffun sulallan zamaninmu ba.

Na zaɓi na Iskandar, wanda kowa ke farawa da shi. Gaba kan Herakilis ne, gwarzon tatsuniyar Girkawa, sanye da fatar kan zaki, baya kuma Ziyus, babban abin bautar Girkawa, zaune a kujera da gaggafa a hannun dama da sanda a hagu, sunan Iskandar da Girkanci ya sauko ta gefe. Giram 17.05, azurfar ta yi wani duhu-duhu mai kyau irin na abin da ya daɗe a kabad, fam 380. Takardar ta ce bugun garin Amfifolis ne, sannan 336 zuwa 323. Na tambayi yaron, wato wannan an buga shi Iskandar yana raye? Ya ce eh ai ga shekarun nan a rubuce. Na biya da kati, ya ba ni rasit mai hoton sulen da nauyinsa da layi guda da ke cewa in har ya tabbata jabu ne, ko bayan shekara nawa, a dawo da shi a karɓi kuɗi. Na taho ina ta tunanin wataƙila wani sojan da ya taka har Indiya ne ya fara karɓar abin nan.

Nan ne matsalar ta faru, kuma ita ce babban dalilin wannan dogon rubutun. Da na zauna a gida na shiga PELLA, rumbun nan na kyauta da ƙungiyar masana tsoffin kuɗi ta Amurka ta saka a intanet, wanda aka gina a kan kundin Martin Price na 1991, shi ne mutumin British Museum da ya bi sulallan Iskandar ya ba kowane iri lamba, dubbai ne, har yau da lambarsa dillalai ke kiran su. Na bi alamomin da ke jikin nawa, akwai harafin Girkanci lamda a saman wata 'yar tocila ta wuta a gaban gwiwar Ziyus, sai ga shi ya fito ƙarara, Amfifolis ɗin dai gaskiya ne amma na zamanin Kasanda ne, wanda ya yi sarautar Makidoniya daga baya, wajen shekara ta 300, Iskandar ya yi shekara sama da ashirin a kabari. Har ƙafafun Ziyus ma sun nuna, a yawancin na lokacin rayuwarsa ƙafafun a jere suke, a na bayan mutuwarsa kuma ɗaya ta koma baya sun harɗe, ba doka ce da ba ta karyewa ba amma tana taimakawa, nawa kuwa a harɗe suke. Raina ya ɓaci sosai. Ba jabu ba ne, amma ba abin da aka ce min ba ne, kuma na lokacin rayuwarsa ya fi daraja a kasuwa.

Abin dariyar shi ne ni ya kamata in fi kowa saurin gane wannan, don na taso ina ganin irinsa a gidanmu. Kakata tana da liyari guda uku a cikin adudunta, manyan sulallan azurfan nan masu kan wata ƙatuwar Baturiya, Mariya Tereza ta Ostiriya, waɗanda fatake suka shigo da su ƙasar Hausa da Borno, mata suna rataya su, maƙera suna narkar da su su yi mundaye. Duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jiki, shekarar da matar ta mutu, alhali an ci gaba da buga su da wannan shekarar fiye da ƙarni guda bayanta, saboda 'yan kasuwa daga Yaman zuwa Habasha zuwa Kano shi suka sani shi suka yarda da shi, ka canza masa kama su ƙi karɓa. To haka na Iskandar ya zama. Sojoji da fatake sun saba da shi, sai magadansa da birane masu zaman kansu suka ci gaba da buga shi da sunansa sama da shekara 200 bayan ya mutu, har garuruwan bakin Baƙin Teku irin su Mesembiriya da Odesos. Don haka sunan Iskandar a jikin sule ba ya nufin ya ga zamaninsa, shekarun da aka rubuta min a takarda kuma shekarun sarautarsa ne kawai, ba na bugun sulen ba.

Na rubuta musu imel mai ɗan zafi. Kwana ɗaya, biyu, biyar, shiru. Na buga waya ba a ɗauka ba. A kwana na takwas har na fara lissafin yadda zan kai ƙara wurin bankina sai ga kira, dattijon ne da kansa. Bai yi wani kwana-kwana ba, ya ce na yi daidai, sulen na zamanin Kasanda ne, shi ya rubuta takardar tun shekarun baya da shekarun sarauta kamar yadda aka saba a da, yaron kuma bai kamata ya amsa abin da bai tabbatar ba. Ya ce in zaɓa, ko in dawo da shi a ba ni kuɗina cif har da kuɗin jirgi, ko in riƙe a mayar min da fam 50. Ya ƙara da cewa farashin da ya saka tun farko na bayan mutuwa ne, da na lokacin rayuwa ne mai wannan kyan da ba zan same shi a 380 ba, kuma da na bincika sakamakon gwanjuna na ga ba ƙarya ya yi ba. Na riƙe sulen. Fam hamsin ɗin ta shigo washegari, da sabuwar takarda a ambulan an gyara bayanin da rubutunsa mai karkarwa.

Jinkirin amsa saƙo dai halinsu ne, ba sau ɗaya ba ne, kar wanda ya je da tsammanin irin saurin Amazon. Shafinsu na intanet kuma abin tausayi ne, hotunan sun yi duhu, rabin kayan da ke shagon ba a saka ba, wasu da aka saka an sayar tun bara ba a cire ba. Na taɓa ganin wata dirakma ta Menanda a shafin, sarkin nan Bagirke da ya yi mulki a yankin Pakistan da arewa maso yammacin Indiya na yau, wanda kuɗinsa gefe ɗaya Girkanci ne ɗaya gefen rubutun Karoshti, ƙanana ne ba su kai giram biyu da rabi ba kuma suna cikin masu sauƙin kuɗi, na biya na zauna jira, bayan kwana huɗu aka ce a yi haƙuri an riga an sayar a shago. An dawo min da kuɗina amma haushin bai tafi da wuri ba. In za ka iya zuwa da ƙafarka ka je, wurin na ido da ido ne.

Zuwana na uku ne na kunyata kaina. Na zo da ilimina sabo fil, giram 17.2 na zaune a kaina kamar karatun allo, har da ɗan sikelina a aljihu. Dattijon ya fito min da farantin Masar, na ɗauki wani na Tolemi na biyu bugun birnin Taya, kan Tolemi na farko a gaba da ƙaton haɓa da ido zuru-zuru, baya gaggafa tsaye a kan tsawa, na ɗora a sikeli sai na ga 14.1. Na ɗago na dube shi irin kallon na kama ka. Ya yi murmushi ya ce in zauna. Ashe Tolemi na farko da gangan ya rage nauyin kuɗinsa, a hankali har ya tsaya wajen giram 14.2, sannan ya rufe ƙasarsa, duk ɗan kasuwar da ya shigo Masar sayen alkama dole ya canza kuɗinsa mai nauyi ya karɓi na sarki mara nauyi, bambancin ya shige baitulmali. Masar ba ta da ma'adinin azurfa na kirki, da wannan dabarar ya riƙa tatsar ta waje. Na ce a raina ashe wasan canji na gwamnati ba yau aka fara ba. Ya ce in lura kuma, jikokinsa sun ci gaba da saka kan kakan nasu a kuɗi kusan shekara 300 har zuwa Kiliyofatira, sai dai azurfar tana ta raguwa, na ƙarshe-ƙarshen yawancinsa tagulla ce, shi ya sa suke da araha kuma suke da wani kashe-kashen launi. Na sayi na Tayan a fam 240, akwai wani ɗan yanka a gefensa da wasu ƙananan tambura da 'yan canjin wancan zamani suka buga don su tabbatar ba tagulla aka lulluɓe da azurfa ba. Wasu masu tarawa ba sa son irin wannan tabon, yana rage farashi, ni kuwa shi ya fi burge ni, alama ce abin ya yi yawo a kasuwa hannu da hannu, kuma ko a lokacin ma akwai 'yan damfara irin wanda ya ci fam 140 ɗina.

Wannan zaman ya kai awa biyu kuma ba don na sayi abin kirki ba. Ya fito min da abubuwan da ya san ba zan iya saya ba, don kawai in gani. Dimitiriyas mai kewaye birane da ƙahon sa a goshi da Fosaidon a baya. Antiyokas na farko da Afolo zaune a kan dutse yana duba kibiya. Wani na Iskandar bugun Asfendos da aka danna masa tambarin anka, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa a tsayar da jirgi, alamar gidan Selukas ce, wato an ba shi izinin yawo a ƙasarsu. Da Mitiridatis na shida sarkin Fontus da gashinsa a barbaje kamar iska na kaɗa shi, wanda kuɗinsa har shekara da watan da aka buga suna jiki. Da na tambayi na Baktiriya, wato na sarakunan Girkawa a yankin Afganistan, irin su Yukiratidis mai hular ƙarfe, sai ya ce yana da biyu kacal kuma ba ya sayen su sai ya san daga kabad ɗin wa suka fito, don jabunsu sun cika kasuwa kuma yankin Afganistan haƙar sata ta yi masa illa.

Maganar asali ke nan, kuma a nan tsadarsu take. Kowane sule a shagon yana da tarihin hannun da ya bi, wasu da tsohuwar takardar mai shi na da, wasu da lambar gwanjon da aka saye su shekaru aru-aru. Waɗanda aka san inda suke tun kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan fataucin kayan tarihi, sun fi tsada nesa ba kusa ba. Da farko na ɗauka salon ƙara kuɗi ne kawai, amma mu da aka kwashe mana gumakan Nok ta hanyar haƙar dare aka watsar a kasuwannin Turai bai kamata a yi mana dogon bayani ba. In an tono tukunyar kuɗi a ɓoye aka rarraba, ilimin da ke cikinta ya tafi. Ya ba ni misalin taskar Damanhur da aka samu a Masar a 1905, tetiradirakma na Iskandar sama da 8,000 a wuri guda, wadda nazarin da Edward Newell ya yi mata ne ya taimaka aka gane wane gari ya buga wanne da kuma yaushe. Tolemi ɗina takardarsa ta nuna gwanjon shekarun 1990 ne kawai, ya faɗa min haka kafin in biya, bai ƙawata ba.

Kan farashi, na yi lissafi don kar in zalunce su. Irin Iskandar ɗina na ga an buga gudumarsa a fam 260 a wani gwanjon Jamus. Amma ka ɗora kaso 20 cikin ɗari na masu gwanjo, ka ɗora kuɗin aikowa, ka ɗora harajin shigowa Ingila kaso 5 tunda sun fita daga Tarayyar Turai, ka tashi wajen 345, kuma ba ka taɓa shi da hannu ba sai hoto. Ni na biya 330 bayan ragin da aka yi min, da ba a yi ba 380. Don haka eh sun fi tsada amma ba irin tsadar da na zata ba. Ciniki kuwa babu, na gwada irin namu na gida, na ce baba a duba ni dai, ya yi dariya ya cire fam goma ya ce iyakarta ke nan. Wanda ya saba da Kantin Kwari zai ji abin banbaraƙwai.

Shawarwarin da ya ba ni kyauta sun fi ragin amfani. Kar in kuskura in goge sule da man goge azurfa, duhun nan da ke jiki shi ne rabin kuɗinsa. Kar in jefa shi a tebur don jin ƙararsa irin yadda tsofaffinmu ke gwada liyari, tsohuwar azurfa takan yi gautsi daga ciki ta fashe kamar tangaran. Kar in ajiye a ledar roba mai laushi, tana sa shi kore. Kuma kar in ɗauka akwatin roban nan da kamfanonin tantancewa ke rufe sule a ciki garanti ne, na tsoffin kuɗi ra'ayinsu kawai suke bayarwa kan kyau da bugu, ba sa ɗaukar alhakin ingancinsa kamar yadda dillali mai mutunci ke ɗauka a rasit.

Uwargida dai har yau ba ta gamsu ba. Tambayarta ta farko nawa azurfar ciki za ta yi in an narkar, da na faɗa mata ba ta kai ko kusa da abin da na biya ba sai ta ce to ai gara 'yan kunne. Ta biyu kuma, me gumakan Girkawa suke yi a gidan Musulmi. Na ce suna cikin akwati a rufe ba a bango ba, kuma tarihi nake karantawa a jikinsu, ta ce in je in tambayi malam, na ce to. Ban je ba tukuna.

In don maki ne ina ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na cire shi saboda imel da shafinsu da kuma yaron da ya amsa min abin da bai sani ba, ko da yake na lura yanzu in an tambaye shi sai ya ce bari ya duba littafi. Wanda ke neman arha ko yake son a aiko masa gobe-gobe ba wurinsa ba ne. Ban san yadda suke aikawa ƙasashen waje ba don ban gwada ba, duk nawa hannu da hannu ne sai takardar nan guda da ta zo ta gidan waya.

Yanzu maganar da ake ciki Lisimakus ne, na gaske wannan karon. Bugun Lamsakus, giram 17.0, kan Iskandar da ɗaurin sarauta da ƙahon rago ya naɗo ta bayan kunne, ƙahon Amun ke nan, abin bautar da Iskandar ya je wa ziyara a Siwa cikin hamadar Masar a 331, baya kuma Atina zaune ta jingina da garkuwa tana riƙe da 'yar Nike mai fiffike tana ɗora kambi a kan sunan Lisimakus. Shi ya fara buga su wajen 297, ya mutu a fagen yaƙi a 281 yana tsoho tukuf a hannun rundunar Selukas, wanda shi ma bai cika shekara ba aka kashe shi. Saboda ƙahon nan ne wasu ke haɗa Iskandar da Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, wasu malaman tafsiri kuma sun ƙi sam, suka ce wancan bawan Allah ne mumini wannan kuwa mai bautar gumaka ne, ni dai ba na shiga wannan, na san dai duk sulallan da na gani babu fuskar da ta kai wannan. Na ajiye jabuna kusa da shi a kan faranti, sai na rasa yadda aka yi na taɓa yarda da wancan ko na minti ɗaya, idon na gasken yana kallon sama kamar mai rai, na jabun kamar wanda ya sha maganin mura.

Fam 950 ne. Na ce ba ni da shi, ya ce ya sani, ya ɗauki fensir ya rubuta sunana a bayan takardar ya mayar da sulen gurbinsa, wai in riƙa kawo abin da ya samu har wata shida, ba ruwa ba ƙarin ko sisi. Na kai 400 zuwa yanzu. Uwargida ta san da 150.